Yadda aka raɗa wa rai sunan Girkanci a Santiago

A shekarar 1960 Humberto Maturana ya koma ƙasarsu Chile bayan karatu a Amurka, ya kama koyar da ɗaliban likitanci a Santiago. Nan wata tambaya ta tsaya masa a rai: me ya raba abu mai rai da marar rai? Littattafan lokacin jera siffofi kawai suke yi, wai mai rai yana ci, yana girma, yana haihuwa. Alfadari kuwa ba ya haihuwa, kuma ba wanda zai ce gawa ne.

Amsar da ya cim ma tare da ɗalibinsa Francisco Varela tana cikin ƙwayar halitta. Sinadaran cikinta su ne ke ƙera tantanin da ya lulluɓe ta, tantanin kuma shi ke tsare su wuri ɗaya har su ci gaba da aikin. Masana'antar mota tana fitar da mota, ba ta fitar da kanta. Ƙwayar halitta kuwa kullum kanta take sake ginawa, ranar da ta daina ta mutu.

Suna ne ya yi musu wuya. Maturana ya ba da labarin cewa wani abokinsa ne ke yi masa bayanin nazarin da ya rubuta kan Don Kihote, jarumin tsohon labarin nan na Sifaniya, da ruɗaninsa tsakanin bin tafarkin takobi da na alƙalami. Don bayyana tafarkan nan biyu, abokin ya ɗauko kalmomi biyu na Girkanci waɗanda Aristotal ya bambanta tun fiye da shekaru 2,300: praksis, wato aikatawa, da poyesis, wato ƙirƙira. Maturana ya cafke ta biyun, ya liƙa mata autos, ma'ana kai. Haka otopoyesis ta samu a farkon shekarun 1970: ƙera kai da kai. Abin da ya burge shi shi ne kalmar sabuwa ce fil, ba ta ɗauke da kayan kowa.

Ba ta daɗe a hannunsu ba. Bayan juyin mulkin 1973 Varela ya bar Chile, littafinsu ya fito da Turanci a 1980, sannan a 1984 Bajamushe Niklas Luhmann ya ɗauki kalmar ya ɗora wa al'umma, har da shari'a da tattalin arziki. Masu ita ba su gamsu da wannan aron ba. Maturana ya tsaya kan cewa ƙwayar halitta ya raɗa wa sunan.