Takari: Sunan da ke Riga Mai Neman Aure Isa Zaure

A Makka, idan maganar aure ta taso, kafin a bincika sana'ar saurayi ko tarbiyyar yarinya ana fara tambayar gidan da suka fito, kuma sau da yawa sunan dangi ya riga ya ba da amsa. Hausawi, Fallata, Barnawi: waɗannan iyalai ne da kakanninsu suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa da Borno, suka keta Sudan, suka haye Bahar Maliya, wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu da yawa 'yan ƙasa ne, da Larabci suka buɗe baki. A gasar cin kofin duniya ta 2018 'yan wasan Saudiyya uku ne ke ɗauke da sunan Hausawi, har da kyaftin Usama, haifaffen Makka. Amma akwai suna guda da ake yi musu kuɗin goro da shi, Takruni, wanda bakinmu ya mayar Takari.

Asalin sunan abin alfahari ne. Takrur daula ce a bakin kogin Senegal, sarkinta War Jabi, wanda ya rasu wajen 1040, yana cikin sarakunan Afirka ta Yamma na farko da suka musulunta. Daga baya malaman Masar da Hijaz suka faɗaɗa sunan ya haɗa duk Musulmin yankinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kira ƙasarsa Takrur a sunan littafinsa Infaƙul Maisur.

Talauci ne ya ja sunan ƙasa. Alhazan ƙafa sukan iso guzuri ya ƙare, sai su kama dako da ga-ruwa da shara. Ga bauta da ba a soke a Saudiyya ba sai 1962, ta sa wasu ke kallon duk baƙar fata da ido ɗaya. Sannan masu zama ba igama, wato takardar izinin zama, suka cika unguwanni irin su Sharar Mansur. A haka kalmar ta tashi daga nuna ƙasa ta koma nuna matsayi.

A wurin aure ne take nuna ƙarfinta, domin a nan takan fake da wata kalmar mai rigar fiƙihu, kafa'a, wato dacewar miji da mata. Wasu mazhabobi sun sa nasaba a ciki. A 2005 wata kotu a Jauf ta raba wasu ma'aurata masu 'ya'ya bisa ƙarar 'yan'uwan matar cewa asalin mijin bai kai nasu ba, ba a warware hukuncin ba sai 2010. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, addini ya sa a gaba. Kuma tarihin mutanen Makka kansu yana bayansa: Zaidu bin Harisa, 'yantaccen bawa, ya auri Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggon Annabi (SAW), Salim maulan Abu Huzaifa ya auri 'yar Walid bin Utba, Baƙuraisha. Aɗa'u bin Abi Rabah, baƙin mutum, shi Makka ke jira ya yi fatawa a zamaninsa.

Ba na ƙin mutum ya so fara ko doguwa ko mai jin yarensa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ƙi mutum ba a san shi ba, a ce ra'ayi ne, alhali suna aka ji. Mu ma muna da namu laifin. Mu ne masu cewa "fara ko mayya ce", mu ne ke tono wanzanci da fawa a kakan saurayi. Kalmar Takari kuwa, mun karɓo ta daga bakin masu raina mu muka ƙara mata wuta. A Kano, mace ta dawo daga Saudiyya bayan shekaru tana aikatau, sai a hau zargin mutuncinta ba shaida, maneminta ya sha gori a majalisa.

Wadda abin ya fi danna ita ce yarinyar da aka haifa a Makka ga uba marar takarda. Ɗan ƙasa ba ya aurenta sai da izinin hukuma, izinin kuma takardu yake nema. Idan aka kamo ta aka sauke a Kano, garin da ba ta taɓa gani ba, da Hausarta mai gardin Larabci, dangin saurayi a nan ma Takari za su ce da ita.