Asalin Kalma: Ƙwallo da Zari-ruga

Tun kafin Turawa su kawo wasan ƙwallon ƙafa, Bahaushe yana da kalmar ƙwallo. Ita ce abin da ke saura a hannu bayan an gwagwiye goriba ko an shanye mangwaro: ƙwallon goriba, ƙwallon dabino. Da wasan Ingila ya iso, wanda aka tsara dokokinsa a Landan a 1863, sai aka ɗora masa tsohon sunan, aka ce ƙwallon ƙafa. Yau yaron garin Gatawa ko na Isa in ya ce "ƙwallo" kawai, ba goriba yake nufi ba.

Wasan da ake rungumar ƙwallo a sheƙa da gudu kuwa, sunansa na Turanci daga garin Rugby na Ingila ya fito. 'Yan jaridar Hausa suka ce masa zari-ruga: ka zara, ka ruga. Sunan ya faɗi yadda ake wasan, ya kuma yi kama da na asali a kunne. Wasan da Amurkawa ke yi da hular kwano daga zari-ruga ya samo tushe, don haka sunan zari-rugar Amurka ya fi na ƙwallon ƙafa dacewa da shi, tunda ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba.