Kirsimeti a Cocin Ƙauye: Tarihinta a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Cocin ƙauye a gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, yawanci ɗaki ne guda na laka a gefen gari, da rufin kwano ko na azara, da bencina ko dakalai na ƙasa, maza a gefe ɗaya, mata da yara a ɗaya gefen. Masu sujada a cikinsa gidaje ne ƙalilan, Hausawa manoma, kuma galibi 'yan uwan jini ne na Musulmin da ke zagaye da su. A Nijar baki ɗaya Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba. Duk da haka ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce ta ƙasa, kuma a ƙauyen da ke da coci babu gidan da bai san zuwanta ba, domin akushi yana shiga. Bikin ya zo da 'yan mishan, amma kamannin da yake da su yau sun fito ne daga lissafin noma na yankin da kuma haƙƙin maƙwabtaka.

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina, zangon ayari tsakanin Azbin da Kano. Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina da na Gobir suka yi arewa, suka kafa Maraɗi da Tsibiri. Musulunci ya daɗe a birane da gidajen fatake da malamai, amma a ƙauyukan Gulbin Kaba, inda Mayahi take, Anna, wato Hausawan da ba su musulunta ba, sun riƙe tsafin gado, da bori, da buɗin daji, har cikin ƙarni na 20. Farkon sanin da ƙasar ta yi wa Nasara da yawa sanin wuta ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa ta tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, har aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Ɗankori, su biyun kuma sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke har yanzu. Faransa ta mai da Tasawa mazaunin mulkin yankin kafin ta mayar da shi Maraɗi a 1927. Wannan tarihin ya sa duk wanda ya karɓi addinin Kirista a nan ya ɗauki nauyin nuna wa danginsa cewa bai zama baƙo ba.

Ƙungiyar mishan da ta fi barin sawu a yankin ita ce SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893 da nufin shiga ƙasar Hausa. Ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a Damagaram a 1924, sannan Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, sannan Maraɗi a 1940. Ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne daga Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya, sun koyi Hausa a Najeriya, kuma hukumar Faransa ba ta taɓa sakin jiki da su ba. A zamanin gwamnatin Vichy ma an takura musu ƙwarai. Dokar mulkin mallaka ta ce makaranta sai da Faransanci, su kuwa sun fi son koyar da karatun Hausa don mutum ya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga shi cikakke da Hausa a 1932. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda wannan zaɓi ya jinkirta shigar 'ya'yan Kirista cikin aikin gwamnati. Amma shi ne kuma ya sa cocin ya zama na Hausa tun daga tushe: addu'a da Hausa, wa'azi da Hausa, waƙa da Hausa.

Wa'azin kasuwa bai tara jama'a ba. Abin da ya kai addinin ƙauyuka shi ne magani da mai bishara. An buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kuturta na Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Mai kuturta yakan yi watanni ko shekaru yana jinya, wasu suka koma garuruwansu da sabon addini. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, a kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ta horar da samari da matansu, aka riƙa tura su ƙauyuka. Mai bishara ba ma'aikaci mai albashin kirki ba ne. Yakan je gaban mai gari ya nemi fili da gona, ya yi noma kamar kowa, ya ba da maganin ciwon ido ko na gyambo idan yana da shi, da dare ya koya wa mai so baƙi da wasali a hasken fitila. Ranar Lahadi ya buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya, mutum biyar ko goma su taru a rumfar zana. Daga irin wannan rumfa cocin laka ya fito. Bayan samun 'yancin kai a 1960, ikkilisiyoyin suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar 'yan ƙasa, EERN.

Kirsimetin zamanin 'yan mishan ba ta da hayaniya. SIM ta yi tsanani a kan giya da rawa da kiɗa, tana ganin ganga da garaya kayan bori ne. Ana karanta labarin haihuwar Almasihu daga Matiyu da Luka, a rera waƙoƙin da aka juyo daga Turai cikin Littafin Waƙoƙi, a raba wa yara ɗan abin da ya samu. Da ragamar ta koma hannun 'yan ƙasa, mata ne suka sauya sautin bikin. Zumuntar Mata, wadda ta yi ƙarfi a ikkilisiyoyin arewacin Najeriya ta kuma tsallako iyaka, ta shigo da tulu da ƙwarya da kacau-kacau, da waƙa mai bayarwa da amshi irin wadda aka saba ji wurin daka da biki, da anko. Ganga ta biyo baya ta hannun matasa. Wannan sauyin ya cancanci a ba shi muhimmanci, domin daga nan ne maƙwabci ya fara jin abin da ke tashi daga cocin a matsayin bikin mutanen gari.

Lokacin da bikin ke faɗowa ya taimaka. Sallah da Mauludi suna zagaya shekara. A 2007 Babbar Sallah ta riga Kirsimeti da 'yan kwanaki, a 2015 kuma Mauludi da Kirsimeti suka zo cikin mako guda. Kirsimeti kuwa kullum tana tarar da hunturu, bayan an gama kaka: an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, an roro wake, an tuge gyaɗa, an kaɗe riɗi. A ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa irin Mayahi, wannan ne kaɗai lokacin da talaka ke da abin bayarwa ba tare da ya ci bashi ba. Shi ya sa shirin Kirsimeti yake farawa tun daga baikon godiya na kaka. A ranar, kowane magidanci yana kawo zakkar amfanin gonarsa gaban bagadi, dami ko tiya, mata su kawo wake da kuɓewa busasshiya da kaza. Dattawan ikkilisiya su ƙirga a gaban jama'a. Daga ciki ake fitar da rabon fasto ko mai bishara, da abin da za a sayar don biki, da abin da za a rufe a rumbun ikkilisiya.

Mako biyu ko uku kafin ranar, gari yana fara jin gwajin waƙa da dare. Mata sun riga sun yi adashi sun sayo turmin atamfa iri ɗaya a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, tela yana ta fama. Ana yaɓe bangon cocin, a share harabar, a yayyafa ruwa don ƙura. Samarin da ke aiki a Maraɗi ko Yamai ko Kano suna dawowa da tsaraba, mudun shinkafa, da man girki, da takalman yara. Daren 24 ana kwanan coci. Ana hura wuta a waje saboda sanyi, ana waƙa rukuni rukuni, matasa kuma su yi wasan kwaikwayon haihuwar: yarinya ta lulluɓe da zane a matsayin Maryamu, makiyaya su fito da sanduna da malafa irin ta Fulanin da ke mashekari a bayan gari, Hirudus ya sha rawani da babbar riga ya zauna a kan turmi yana faɗa, jama'a na dariya. Ba sai an yi wa manomin Mayahi bayanin komin dabbobi ko masaukin da ya cika ba. Yaran Musulmi sukan cika tagogi da bakin ƙofa, ba a korarsu. Da safe a yi doguwar sujada, da wa'azi, da baiko ana rausaya zuwa gaba layi layi.

Bayan an tashi ne aikin da ya fi ɗaukar hankalin gari yake farawa, wato rabon abinci. Tun da asuba an yanka akuya ko rago, ko kuma gidaje sun yi watanda sun haɗa kuɗin sa. Da yawa sukan kira mahauci ko maƙwabci Musulmi ya yi yankan, don kada wani ya yi shakkar cin naman. An dafa shinkafa da miya, abincin da ba kullum ake ganinsa a gidan mai cin tuwon gero ba, an soya fanke da cincin. Sai a jera kwanuka, uwar gida tana nuna wa yara: wannan na gidan mai gari, wannan na liman, wannan na Gwaggo, wannan na makahon da ke bakin rijiya. Kwanon ba ya komawa wayam. A kan sa goro, ko 'yan dala, ko ƙwai. Da la'asar maƙwabta su shigo yin barka, a shimfiɗa tabarma a sha fura. Idan Babbar Sallah ta zo, naman layya ya biyo hanyar da kwanon Kirsimeti ya bi, ya shiga gidan fasto. A nan mutumin da danginsa suka yi fushi da shi lokacin da ya sauya addini yake samun damar aika kwano gidan mahaifinsa, kuma karɓar kwanon ko mayar da shi magana ce da kowa a gari yake ganewa.

Hidimar ikkilisiya ga jama'a ba ta tsaya ga yini ɗaya ba, kuma yunwa ce ta koya mata. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda mutanen Maraɗi ke kira 'yar Buhari domin ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sun sa mishan da coci shiga rabon hatsi ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba. A wannan lokacin ne Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya da ke Maraɗi, ya lura tun 1983 cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara bishiyoyi ne masu rai. Ta hanyar aiki a ba da abinci aka shawo kan manoma su bar tsiro biyu ko uku a kowane kututture su sassabe sauran. Dabarar, wadda ake kira sassabin zamani, ta bazu daga manomi zuwa manomi har ta mai da gawo da kalgo da sabara cikin gonakin Agye da Tasawa da Mayahi, kuma mafi yawan masu yinta Musulmi ne. Rumbun ikkilisiya ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da wannan, amma aikinsa a bayyane yake: a buɗe shi a tsakiyar damina, lokacin da tiyar gero ta yi tsada kuma rumbunan gida sun ƙare, a ba gwauraye da marayu, a ranta wa mai iyali ya biya da kaka. A matsalar abinci ta 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, an sake ganin amfanin irin wannan tanadi.

Zaman bai rasa tsami ba. Tun daga shekarun 1980 wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya shigo ƙasar Maraɗi, wasu suka daina karɓar abincin Kirsimeti ko yin barka da ita. A Nuwamba 2000, cikin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, an kai wa coci hari a Maraɗi. A Janairu 2015, bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci da yawa a Damagaram da Yamai, a Yuni 2019 kuma aka ƙona wani a birnin Maraɗi. Abin lura shi ne waɗannan tarzoma sun fi aukuwa a birane, inda mai jifa bai san wanda yake jifa ba. A ƙauye, inda fasto da liman suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya kuma suke haɗuwa a gayya da jana'iza, matsin yakan zo ta wata fuska: hana aure, rikicin gado, ko wahalar samun filin maƙabarta.

Cocin ma ya rarrabu. Wajen 1990 EERN ta tsage, UEEPN da wasu suka fita, ikkilisiyoyin Fentikos kuma suka shigo da janareta da lasifika da majigin tarihin Yesu da Hausa, wanda ake haskawa a fili a makon Kirsimeti. Katolika, waɗanda aka kafa musu dayosis na Maraɗi a 2001 ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo, sun fi yawa a cikin ma'aikata da baƙi na birni, hidimarsu ga ƙauye kuma ta fi bi ta makaranta da asibiti da ayyukan agaji. Wayar salula ta maye gurbin rediyon ELWA da Muryar Bishara da tsofaffi suka saurara, sababbin waƙoƙi daga Jos da Kaduna suna isa Tasawa kafin Disamba ta kama. Tsada ce ke rage armashin bikin: rufe iyaka a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, sun ɗaga farashin shinkafa da atamfa har wasu ikkilisiyoyi suka koma girki ɗaya a harabar coci maimakon kowane gida ya yi nasa, amma kwanon mai gari da na maƙwabta ana fitar da su tukuna.

Makon yana ƙarewa da sujadar shiga sabuwar shekara da taron dattawa, inda ake karanta lissafin baiko da na rumbu a kuma tsara gyaran gini kafin ruwa. Daga nan magidanta da samari su kama hanyar cin rani zuwa Najeriya ko Agadas ko Libiya, tafiyar da ikkilisiya ta koma hannun mai bishara da Zumuntar Mata har zuwa shukar fari.