Bayani kan filasko da ciwon ciki mai kai-da-kawowa

Ka sani, ya kai ɗalibi, kalmar da mai kwafe ya rubuta da ajami a gefen wannan shafi, wato filasko, ita ce Larabawa ke kira sana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya ware mata risala guda kan tausasa ciki, ya kuma yi wata kan maganin basir. Mai kwafenmu ya ɗauko sunan ganyen kaɗai, bai faɗi wanda ya dace ya sha ba. Nan ne nake so ka tsaya.

Akwai wata lalura da na sha gani wurin almajirai a nan Babankatami: murɗa da kumburi, yau ciki ya ɗaure, gobe ya sake, haka wata da watanni, alhali babu gyambo a hanji. Likitocin zamani sun ba ta ƙa'ida da suka sabunta a 2016: ciwon ciki aƙalla yini guda kowane mako tsawon wata 3, tare da canjin bahaya. Mai wannan lalura in ya mai da filasko abin sha kullum, murɗa ƙaruwa take yi, domin ganyen zaburar da hanji yake.

Magabata kuwa da himya suke farawa, wato kame baki daga abin da ke tayar da cuta, kafin su kai ga sassaƙe. Binciken Jami'ar Monash ta Ostireliya ya zo daidai da wannan hanya: wake, albasa, tafarnuwa, alkama da madara suna tara iska a hanjin wasu mutane. Mu da muke maƙwabtaka da gonakin albasar Galmi ya kamata mu kula.

Abin da nake umurtar ɗalibaina shi ne: a ajiye waɗannan ƴan makonni, sannan a maido su ɗaya bayan ɗaya har a gane mai laifi. A rage barkono, goro da shayi mai kauri. A ci kaɗan kan lokaci, a sha ruwa, a yi tattaki bayan cin abinci.

In aka ga jini, ko rama, ko zazzaɓi, ko zawo mai tashin mutum cikin dare, wannan ya wuce himya, sai a nufi asibitin Madawa ba da jinkiri ba.

Allah ne mafi sani.