Daga Allon Talla Zuwa La'ada: Tarihin Yadda Rubutu a Intanet Ya Fara Kawo Kuɗi

Ka taɓa karanta sharhi a kan wata sabuwar waya a intanet, kana kaiwa ƙarshe sai ka ga an rubuta "latsa nan ka saya"? To ka ci karo da dillali. In ka latsa ka saya, marubucin zai samu la'adarsa, kai kuma ba a ƙara maka ko sisi a farashi ba. Wannan tsari bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba a duniya, kuma tarihinsa zai nuna maka dalilin da ya sa abin da kake karantawa yau yake da irin fasalin da yake da shi.

Mu fara daga ranar 27 ga Oktoba, 1994. A ranar ce mujallar HotWired ta Amurka ta ɗora allunan talla a saman shafukanta, ciki har da na kamfanin sadarwa na AT&T. An ruwaito cewa kusan kashi 44 cikin ɗari na waɗanda suka ga tallan AT&T sun latsa shi, don abin sabo ne. Yau kuwa da wuya a samu mutum ɗaya cikin ɗari. A wancan lokaci ana sayar da fili ne kamar a jarida: ka biya, a liƙa tallanka, ko an saya ko ba a saya ba.

Masu kaya ba su daɗe ba suka fara tambayar me kuɗinsu ke jawowa. A 1998 Bill Gross ya fito da GoTo.com, inda mai talla ba ya biya sai an latsa tallansa. Google ya bi sahu da AdWords, wanda ya buɗe a 2000, sannan a 2003 ya kawo AdSense. Wannan na biyun shi ne ya buɗe wa ƙaramin marubuci ƙofa. Ba sai ka je neman masu talla ba. Manhajar Google ce ke karanta rubutunka, ta gane a kan me kake magana, ta kawo tallan da ya dace. A 2010 kamfanin ya bayyana cewa kashi 68 cikin ɗari na kuɗin irin wannan talla yake bai wa mai shafi. Sai dai abin da latsawa ɗaya ke kawowa kaɗan ne, don haka sai an tara jama'a da yawa. Daga nan ne kanun labarai masu jan ido suka samu kasuwa.

Hanya ta biyu, wato ta la'ada, Amazon ne ya yaɗa ta a watan Yulin 1996, lokacin yana sayar da littattafai ne kawai. Ba shi ya fara ba, don William Tobin mai sayar da furanni ya riga shi gwada irin wannan tsari. Amma Amazon ya buɗe wa kowa: ka ambaci littafi a rubutunka, ka sa mahaɗin da zai kai mutum kantin, in ya saya a ba ka kasonka.

To ta yaya kantin ke sanin wa ya turo ka? Sirrin yana cikin wani ɗan ƙaramin fayil da ake kira kuki, wanda Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙira a 1994. Mahaɗin da ka latsa yana ɗauke da lambar marubucin. Kana shiga, kantin zai ajiye kukin a wayarka ko kwamfutarka da wannan lamba. A tsarin Amazon, abin da ka jefa a kwandon sayayya cikin awa 24 ana lissafa shi a sunan wanda ya turo ka, ko da ba kayan da ya yaba ba ne.

Ka lura da yadda nauyin ya riƙa komawa kan marubuci. Da farko ana biyansa don an ga talla, sai ya koma sai an latsa, daga baya sai an saya. Wanda kuwa abincinsa ya dogara da sayenka, yaushe zai ce maka kayan nan ba su da kyau? Wannan ce ta sa a 2009 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta, ta ce duk mai yaba kaya a intanet ya faɗa idan yana da alaƙar kuɗi ko kyauta da masu kayan.

Akwai waɗanda suka nuna ana iya riƙe amana a ci riba. Brian Lam ya kafa Wirecutter a 2011, suna gwada kaya su faɗi wanda ya fi, suna rayuwa da la'ada. A 2016 jaridar New York Times ta saye shi a kan kimanin dala miliyan 30. Amma mai kanti ne ke yanka la'ada. A Afrilun 2020 Amazon ya rage ta kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, marubuta da dama suka wayi gari samunsu ya zube.

A Najeriya ma tsarin ya iso, don Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, duk sun buɗe shirin la'ada. Don haka in ka sake ganin sharhin da ke kai ka kanti, ka duba ko marubucin ya faɗa maka yana da kaso, ka kuma duba ko ya ambaci aibin kayan ko ɗaya kafin ka zaro kuɗinka.