Adireshi Kafin Yunifom: Tarihin Gundumar Makarantu a Amurka

Makarantun gwamnati a Amurka ba a hannun wata ma'aikata guda da ke Washington suke ba. An rarraba su ne ga gundumomi kimanin 13,000, kowace da iyakarta, da kasafinta, da hukumar da galibi mutanen yankin ne ke zaɓa. Magidancin da ya sauka a sabon gari da 'ya'ya, abu uku zai tarar a takardun gundumar: sakamakon jarrabawar ɗalibanta, sharuɗɗan yi wa yaro rajista, da dokar suturar da za a sa. Biyu daga ciki su ne ke cika jaridu da bakin 'yan siyasa, wato sakamako da sutura. Na ukun kuwa kallon aikin akawu ake yi masa, a cike fam a wuce. Tarihin waɗannan gundumomi yana nuna cewa wannan na ukun, musamman layin da ke neman shaidar inda yaro yake kwana, shi ne yake yanke mafi yawan abin da daga baya ake kira ƙwazon makaranta.

Tushen abin ya girmi ƙasar kanta. A 1647 yankin Massachusetts, yana ƙarƙashin Ingila a lokacin, ya kafa doka cewa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu, wanda ya kai gida 100 kuma ya buɗe makaranta ta gaba. Mutanen garin ne za su biya. Daga nan al'adar ta bazu: makaranta ta masu unguwa ce, kuɗinta kuma daga harajin gidaje da filayen unguwar yake fitowa. A farkon shekarun 1930 gundumomi sun haura 120,000, da yawansu aji ɗaya ne da malama ɗaya a tsakiyar gonaki. Motar ɗaukar ɗalibai da tituna masu kwalta sun sa an haɗe su sun ragu, amma ba a taɓa jijiyar tsarin ba. Har yau abin da ya kusa rabin kuɗin makarantu daga cikin yanki yake fitowa, jiha ta kawo kusan kwatankwacinsa, gwamnatin tarayya kuma kasonta a yawancin shekaru bai wuce ɗaya cikin goma ba.

Wanda yake son ganin abin da wannan ke haifarwa ya dubi birnin San Antonio na jihar Texas a ƙarshen shekarun 1960. Gundumar Edgewood, wadda kusan duk ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne masu asali da Meziko, ta ɗora wa kanta harajin dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, abin da ya fito shi ne dala 26 ga kowane ɗalibi a shekara. Gundumar Alamo Heights, a cikin birni ɗaya, harajinta santi 85 ne kacal, amma ya ba ta dala 333 ga kowane ɗalibi, domin gidajenta masu tsada ne. Da aka haɗa da tallafin jiha da na tarayya, ɗan Edgewood ya tashi da dala 356, ɗan Alamo Heights da 594. Talakan ya fi matse kansa, ya kuma fi fitowa hannu rabbana. Iyayen Edgewood suka kai ƙara, a 1973 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai sa ilimi cikin haƙƙoƙi na asali ba, don haka tsarin ya zauna. Shekara guda bayan haka, a shari'ar birnin Detroit, kotun ta sake cewa ba za a tilasta haɗa yaran birni, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne, da na gundumomin kewaye ba, sai an tabbatar su ma gundumomin suna da hannu a wariyar. Hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata yana nan daram, amma ƙarfinsa ya tsaya a bakin iyakar gunduma, kuma duk mai halin sayen gida a ƙetaren iyakar ya gane hakan.

Shi ya sa teburin rajista yake da nauyin da ba a ba shi. Uwa za ta zo da takardar haihuwar yaro da katin rigakafinsa, waɗannan ba su cika zama matsala ba. Sai a nemi takardar hayar gida ko ta mallaka, da takardar kuɗin wuta ko na ruwa mai ɗauke da sunanta da adireshin. Doka ta buɗe ƙofa sosai ta wani gefen: tun hukuncin 1982 ba a hana yaro makaranta don iyayensa ba su da takardun zama a ƙasar, akwai kuma dokar tarayya da ta kare yaran da ba su da matsuguni. Amma ƙofar da aka buɗe ta unguwar da yaron yake kwana ce. Wasu gundumomi masu hali har masu bincike suke ɗauka su bi sawun yara da safe su ga daga wane gida suka fito. A 2011 wata uwa a jihar Ohio ta yi kwana tara a gidan yari saboda ta yi wa 'ya'yanta biyu rajista da adireshin mahaifinta, wanda ke cikin gundumar da ta fi tata. Ta karya doka, babu musu. Sai dai dokar da ke ɗaure uwa don ta kai 'ya'yanta wata makarantar gwamnati, ita da kanta ta shaida cewa makarantun gwamnatin ba ɗaya suke ba.

Maganar sutura ta shigo ne daga baya. Yunifom a Amurka an fi saninsa da makarantun kuɗi da na cocin Katolika, na gwamnati kuwa doka ce kawai a kan abin da ba za a sa ba. A 1969 ma Kotun Ƙoli ta goyi bayan ɗaliban birnin Des Moines da aka dakatar don sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannu suna adawa da yaƙin Biyetnam. A 1987 wata firamare a unguwar Cherry Hill ta Baltimore ta fara sa yunifom, sannan a 1994 gundumar Long Beach ta Kalifoniya, ƙarƙashin shugabanta Carl Cohn, ta zama babbar gundumar birni ta farko da ta wajabta shi daga ajin farko zuwa na takwas. Dalilin ba na wasa ba ne. Lokaci ne da ƙungiyoyin 'yan daba suke gane juna da launin tufafi, ja ko shuɗi, ana kuma yi wa yaro duka don a ƙwace masa takalmi ko jaket mai tsada. Bayan shekara ɗaya gundumar ta ba da rahoton cewa laifuffuka a makarantunta sun ragu da kashi 36 cikin ɗari, faɗa kuma da kusan rabi. Shugaba Bill Clinton ya ɗauki maganar ya sa a jawabinsa ga majalisa a farkon 1996, ya ziyarci Long Beach, ma'aikatar ilimi kuma ta aika wa gundumomin ƙasar littafin jagora a kan yunifom.

Mai goyon bayan yunifom zai ce ga hujja nan, kuma bai kamata a raina ta ba. Yaron da riga biyu ce gare shi ya san abin da ake ji idan abokan aji suka fara ƙirga ta, kuma uwar da ba ta son gardamar safiya ta san sauƙin da kaya iri ɗaya ke kawowa. Wani bincike da Elizabeth Gentile da Scott Imberman suka yi a wata babbar gunduma ya gano cewa zuwa makaranta ya ɗan ƙaru a sakandare bayan shigowar yunifom. Amma binciken bai ga wani canji na a-zo-a-gani a sakamakon jarrabawa ba, haka shi ma na David Brunsma da Kerry Rockquemore na 1998, wanda ya duba ɗalibai daga sassan ƙasar, bai ga yunifom ya gyara ɗabi'a ko zuwa makaranta ba. Ita kanta Long Beach, a waɗancan shekarun ta ɗaga ma'aunin karatu, ta ƙulla haɗin gwiwa da kwaleji da jami'ar garin, laifuffuka kuma suna raguwa a faɗin ƙasar. Rigar ce kawai ake iya ɗauka a hoto, shi ya sa ta kwashe yabon. Abin da ya fi damuna shi ne inda yunifom ya yaɗu. A 2018 kusan makarantar gwamnati ɗaya cikin biyar ce ke wajabta shi, kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba a makarantun 'ya'yan talakawa. An daidaita rigar yaran da dama can halinsu ɗaya ne, tazarar da ke tsakaninsu da yaran ƙetaren iyaka kuwa ba a taɓa ta ba. An bar jaki ana dukan taiki. Dokar sutura tana ma iya zama shinge: a 2003 an dakatar da wata yarinya Musulma a Muskogee ta jihar Oklahoma saboda hijabi, sai da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shiga ƙarar aka sasanta a 2004. Mu ma a Najeriya mun ga irin wannan a makarantun gwamnatin Legas, har sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta raba gardama a 2022.

Sakamakon jarrabawa, wanda ya kamata ya zama alƙali, shi ma ya koma cikin da'irar. Dokar ilimin da George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta gwada yara a lissafi da karatu duk shekara daga aji uku zuwa takwas, a kuma bayyana sakamakon kowace makaranta. Ta yi amfani, domin ta tilasta a nuna makin talakawa da na baƙar fata a ware, ba a ɓoye su cikin jimilla ba. Amma makin da aka buga ya zama talla ga dillalan gidaje. Tun a 1999 masaniyar tattalin arziki Sandra Black ta kwatanta gidajen da ke ɓangarori biyu na iyakar makarantu a kewayen Boston, ta gano cewa inda maki ya fi da kashi 5, farashin gida ya fi da kusan kashi 2.5. Maki ya ɗaga kuɗin gida, tsadar gida ta tace masu shigowa, 'ya'yan masu shigowar su sake ɗaga maki.

Akwai masu cewa kuɗi ba shi ne matsalar ba, suna kafa hujja da rahoton James Coleman na 1966, wanda ya nuna gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri. Sun manta cewa rahoton ya kuma nuna abokan ajin yaro suna da tasiri, kuma iyakar gunduma ce ke zaɓar masa su. Binciken Kirabo Jackson da abokan aikinsa na 2016 ya bi yaran da kotunan jihohi suka sa aka ƙara wa gundumominsu kuɗi, ya tarar 'ya'yan talakawa a cikinsu sun fi daɗewa a makaranta, sun kuma fi samun albashi da suka girma. Wasu kuma za su ce ikon mutanen gari a kan makarantarsu abu ne mai daraja, kuma haka ne, domin iyayen da suka san hukumar da suka zaɓa sun fi iya tsare ta. Amma mutanen Edgewood ma suna da wannan ikon, abin da ya ba su dala 26 ne. Sai a 1989 kotun ƙolin Texas ta ba su gaskiya, shekara 16 bayan ta tarayya ta juya musu baya, kuma har yau gundumomi masu arziki a jihar suna ƙorafi a kan kason da ake karɓa daga hannunsu.

Inda aka gwada sassauta iyakar kanta, iyaye sun nuna abin da suke so. Shirin METCO yana ɗaukar yaran Boston zuwa makarantun garuruwan kewaye tun 1966, kimanin dubu uku a shekara, masu nema kuma sun fi gurbin yawa. Minnesota ta kafa doka a 1988 da ta ba yaro damar neman makaranta a wata gunduma, jihohi da dama suka bi. Sai dai a wurare da yawa gundumar da ake nema tana da ikon cewa ta cika, kai yaro da ɗauko shi kuma ya rage wa iyaye, don haka uwar da ba ta da mota, ko take fita aiki tun asuba, ita ce ta farko da damar ke wucewa.