Minjirya da Tafin Ƙafa: Tarihin Jinya da Wutar Lantarki



Duk wanda ya tashi a ƙasar nan tamu, daga Guéné zuwa Malanville har a ƙetare gada a shiga Gaya, ya san minjirya ko da a bakin Sarkawa ne. Kifi ne mai taushin jiki, marar ɓawo, mai gashin baki, wanda ke ɓuya cikin ramuka da saiwoyi a kogin Kwara da rassansa. Wanda ya taɓa ta da rai sai ya ji hannunsa ya mutu har kafaɗa, domin babbarta takan saki wuta mai ƙarfin da ya kai volt 350. Bahaushe kuwa ya ari sunanta ya ba wani abu dabam: in mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ta mutu tana tsattsaki, sai a ce minjirya ta kama shi. Wanda minjirya ta kama kuma, in ya yi gaggawar miƙewa, sai ya yi tangaɗi. A cikin kalma guda ke nan kakanninmu suka haɗa wuta da ƙafa da tsayuwa, abubuwa uku da masana suka shafe shekaru kusan dubu biyu suna bin alaƙarsu.

Mutanen Masar na dā sun san wannan kifi a kogin Nilu, har sun zana surarsa a bangon kaburburan Sakkara fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Amma rubutaccen magani na farko da ya haɗa irin wannan wuta da ƙafa daga Rum ya fito. Wajen shekara ta 47 Miladiyya, a zamanin sarki Kaladiyas, wani likita mai suna Scribonius Largus ya tattara magungunansa a littafi guda. A ciki ya yi bayanin ciwon nan mai kumbura gaɓɓan ƙafa, musamman babban yatsa. Maganin da ya ba da shi ne a kai majinyaci bakin teku inda yashi ke da lema, a sa masa wani faffaɗan kifin teku mai wuta a ƙarƙashin ƙafa, ya yi ta tsayuwa a kansa har ƙafar ta mutu zuwa gwiwa. Mai karatu ya riƙe wannan: abin da likitan Rum ke nema shi ne kashe jin ƙafa domin zogi ya lafa.

Malaman Larabawa sun gaji wannan sani, suka kira kifin ra'ad. Asalin kalmar ya ƙunshi karkarwa da kuma tsawa, daga gare shi ne ma Hausa ta sami kalmar aradu. Abdullaɗif Albagdadi, likitan Bagadaza da ya zauna a Alƙahira wajen shekara ta 1200, ya siffanta minjiryar Nilu a littafinsa na labarin Masar, ya ambaci yadda karkarwa da mutuwar jiki ke bin hannun wanda ya taɓa ta. Sun sa mata suna ɗaya da tsawa tun ƙarnuka kafin a tabbatar da cewa wutar da ke cikin walƙiya da wadda ke jikin kifin iri ɗaya ce.

Tabbacin kuwa ya biyo ta Afirka ta Yamma. A 1751 wani Bafaranshe mai binciken halittu, Michel Adanson, ya taɓa minjirya a kogin Sanagal, ya ce abin da ya ji bai da bambanci da fizgar kwalbar nan ta tara wuta da aka ƙirƙiro a Laiden ta ƙasar Holan 'yan shekaru kafin nan. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa gwajinsa da ƙafafun kwaɗi, inda ya nuna wuta na motsa tsoka ko bayan dabba ta mutu. A 1800 kuma Alessandro Volta ya jera faifan ƙarafa iri biyu, da takarda jiƙaƙƙiya da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya sami wuta mai gudana, shi da kansa ya kamanta ƙirar tasa da gaɓar wutar kifi. Wannan tulin faifai shi ne Faransawa suka kira pil, sunan da muke sayen batir da shi a kasuwar Malanville har yau.

To, ina batun tsayuwa? A cikin shekarun 1840 likitan Barlin, Moritz Romberg, ya lura da wasu majinyata da cuta ta lalata musu jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Muddin idonsu na buɗe suna tsaye, amma da sun haɗa ƙafafu sun rufe ido sai su fara layi, wani ma ya faɗi. Har yau likitoci na yin wannan gwaji da sunansa. Daga nan aka fahimci cewa tsayuwar ɗan Adam tamkar murhu ce mai duwatsu uku: ido, da cikin kunne, da jin da ke tafin ƙafa da gaɓɓai. Tafin ƙafa na ɗauke da ƙananan majiyai masu gaya wa ƙwaƙwalwa ko nauyi ya koma diddige ko yatsu, ita kuma ta gyara tsayuwa tun mutum bai farga ba. A 1990 masu bincike a Suwidin suka sanyaya tafin ƙafar lafiyayyun mutane har ya mutu, suka ga layinsu ya ƙaru. Ashe ƙafar da likitan Rum ke kashewa don ta huta da zogi, ita ce ke hana mai ita faɗuwa.

Saboda haka masanan zamaninmu suka juya maganar. A Jami'ar Boston ta Amurka, James Collins da abokan aikinsa suka yi tunanin a maimakon fizga mai ƙarfi, a ba jijiya wuta 'yar ƙanƙanuwa, wadda mutum ba ya ma jin ta. Hikimar ita ce, taɓi mai rauni da tsohuwar jijiya ba ta iya kamawa, in ya haɗu da wannan ɗan motsi sai ya kai matsayin da za a ji shi, kamar yadda ɗan ƙarin ruwa ke ɗaga kwalekwalen da ya kafe a yashi. A 2002 suka ba da rahoton cewa irin wannan wuta ta ƙara wa tsofaffi jin taɓi a ƙafa, kuma da aka sa ta a gwiwa ta rage musu layi a tsayuwar ƙafa ɗaya. A 2003 suka wallafa a mujallar Lancet gwajin shimfiɗar cikin takalmi mai ɗan kaɗawa, ita ma ta rage layin tsofaffi. Sai dai gwaje-gwaje ne na mutane kaɗan, cikin ɗakin bincike, na ɗan lokaci, da awo na ƙwararru.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 a kowace shekara, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su ne suka fi yawa. A dā kuturta ce ta yi suna wajen kashe jin ƙafa, yau kuwa ciwon sukari ne. Dattijon da ƙafarsa ta mutu da idonsa yake tsaye, shi ya sa duhun asuba, da santsin bakin kogi, da ɗaga ƙafa ɗaya wurin alwala suka zama masa haɗari.

Ga shi kuma 'yan talla na yawo da na'urorin ɗora ƙafa masu fizga, suna cewa maganin kowace cuta ce. Fizgar da ake ji har tsoka ta yi tsalle ta fi kusa da kifin mutanen Rum, ba ita ce wutar da aka gwada a Boston ba. Mai miki a ƙafa, da wanda ƙafarsa ba ta ji, da mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, kada su ɗora ƙafa a kai sai da izinin likita, domin ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. A auna sukarin iyayenmu a asibiti. A duba tafin ƙafarsu da tsakanin yatsu kullum. A sama musu takalmi mai kama diddige, da fitila a hanyar makewayi, da kujerar zama wurin alwala, da sanda ga wanda ya fara layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya tabbatar da dugaduganmu. Amin.